Hayaƙin da Muka Kora daga Madafin Inna Talatu

Kwanakin baya ina zaune gindin darbejiyar ƙofar shagona, sai ga wasu daga cikinku, samari masu son koyon gini, sun miƙo mini waya, wai in ga yadda ake gyaran kicin. Na sa tabarau na duba. Wani mutum ne ya ɗaga guduma, kafin in ƙifta ido bango ya faɗi, kafin in sake ƙiftawa tayil ya hau, famfo yana zuba, matar gida tana tafi. Ɗayanku ya ce, "Baba Usaini, ka ga abin ba wuya. Ka koya mana kwaɓa siminti da ɗora tayil kawai, sauran waya za ta ƙarasa mana."

Ban yi fushi ba, mamaki ne ya ishe ni. A cikin sana'ar nan gemuna ya yi fari, kuma aikin da ya fi duk ayyukana kyau, wanda aka kira ni har Kano aka ba ni kyauta a kansa, shi ne ya kusa shafe irin dawar da wata tsohuwa ta gada daga kakanninta. Tunda kun ce koyo kuke so, ku ji wannan tukuna.

Ni a hannun Malam Ɗanjuma magini na tashi, Allah ya jiƙansa. Na daɗe a wurinsa ban taɓa cokalin gini ba. Aikina kwaɓa ƙasa da ƙafa, ɗaukar kwano a ka, da miƙa tubali. Madafi na farko da muka rushe tare, shi ya tura ni sama in zare azara. Na sauko baƙi ƙirin kamar gindin tukunya, kunkunniya har cikin haƙorana, haushi ya cika ni, na soma wurga azarar can gefe wai a yi makamashi da ita. Sai na ji dundu a bayana.

"Kai, ka san abin da kake jifa kuwa?"

Ya ɗauki guda ya ƙwanƙwasa da gindin cokali, ta yi ƙara kamar ƙarfe. Ya ce azarar da ta sha hayaƙi gara ba ta cinta, ƙwaro ba ya huda ta, ta fi sabuwa daraja. Tun daga ranar ban sake yar da baƙar azara ba. Duk madafin da na rushe sai na kwaso ta na jingine a rumfar bayan gidana.

Da zamani ya juya muka juya da shi. Tubali ya koma bulo, daɓe ya koma tayil, na sayi injin yanka da ɗan janareta, na koyi haɗa famfo da ɗora kabad. Amma kada ku ɗauka kayan aiki su ne aikin. Wani gida a Tsanyawa, maigidan ya kawo mini hoto daga birni ya ce haka yake so, kanta mai tsayi har ƙugu, gas a kai. Na yi masa daidai da hoton. Da na koma gyaran wani abu sai na tarar uwargida ta sauke tukunyar gas ɗin ƙasa, ta ja 'yar kujerarta, ta tokare tukunya tana tuƙa tuwo, kantar kuwa kaji ne a kanta. Wa ya taɓa tuƙa tuwon gida guda a tsaye? Daga nan na daina fara awo da bango. Sai in sa matar gida ta zauna yadda ta saba, ta riƙe muciya, in auna daga nan. Har na fara jin cewa babu sauran abin da madafi zai ɓoye mini.

A haka Nasiru ya same ni. Ɗan wani ƙauye ne a gabashin Ɗanbatta, yana zaune a Bacirawa cikin Kano yana sana'ar kayan mota. Mahaifiyarsa, Inna Talatu, tana kwance a asibiti, ƙirji ya sa ta gaba, kuma likita ya gaya masa gaskiya: hayaƙin girki ne, in ta koma cikinsa ba za ta daɗe ba. Ya ce, "Baba Usaini, Inna ba za ta yarda da gas ba, na sani. Cewa take tuwon gas ba ya nuna. Ka yi mata inda za ta hura kararta yadda ta saba, amma kada hayaƙi ya taɓa ta. Kuma ka gama kafin a sallamo ta, in ba haka ba ko bulo ɗaya ba za ta bari a ɗora ba."

Da na shiga tsohon madafin sai da idona ya yi ruwa, ga shi an kwana biyu ba a hura wuta ba. Ba taga, rufin ya yi baƙi yana ƙyalli. Daidai saman murhu ga wasu zangarniyoyin dawa a ɗaure a rataye, sun yi baƙi su ma. Nasiru ya hau turmi da kansa ya sauko da su a hankali, kamar mai ɗaukar jariri. Ya ce wannan ce 'yar Goggo. Wata jar dawa ce mai saurin nuna, wadda kakar Inna ta zo da ita, ta ba 'yarta, ita kuma ta ba Inna ranar da aka kawo ta gidan nan. Ba a samunta a kasuwa. Ɗan fili kaɗan ake shuka ta a bayan gida, tana nuna lokacin da rumbu ya yi ƙasa sabon hatsi bai iso ba, a cinye ta a lokacin, abin da ake ragewa iri ne kawai. Ya ce, "In ta ɓata, ban san da bakin da zan yi wa Inna magana ba. Ka sa mata ƙugiya daidai inda take rataye ta."

Na zare azarar na ɗora a kura na kai gida. Sannan na zauna na yi aikin da ban taɓa yin irinsa ba. Na gina murhu da jan bulo, mai baki biyu, ƙasa-ƙasa daidai zaman tsohuwa, ana tura kara ta gaba. Bakin tukunya na yi shi cif, ba inda hayaƙi zai ɓullo. Ta baya na ja bututun kwano ya huda rufi ya fita sama. Na buɗe tagogi, na ɗora farin tayil har rabin bango, na shafa farin fenti, na kafa ƙugiyoyin ƙarfe a saman murhu inda aka ce. Ranar gwaji muka cika murhun da ɗanyen kara da gangan. Muka tsaya a ciki, ni da Nasiru, ko tari ɗaya babu.

Inna Talatu ta dawo ta tsaya a ƙofa ta daɗe tana kallo. Ta ce, "Usaini, wannan ɗakin amarya ka yi mini ko madafi?" Amma ta shiga. Damina ta faɗi ta shuka irinta, ta yi kyau. Tarin ya lafa, ta yi ƙiba, har ta koma zuwa kasuwa da ƙafarta. Da kaka ta yi, ta zaɓi manyan zangarniyoyi ta ɗaure ta rataye a ƙugiyoyina.

Labarin ya kai kunnen wata ƙungiya mai yaƙi da hayaƙin girki. Suka zo da mota da kyamarori. Wata a cikinsu ta nuna zangarniyoyin, jajaye tas a jikin farin bango, ta ce, "Inna, wannan ado ne?" Inna ta ce iri ne, ta ƙara da cewa, "Ku duba, kamar yau aka yanko. Da can da yanzu sun yi baƙi." Kowa ya yi dariya, har da ni. Hoton da suka ɗauka a ranar shi ya ci wata gasa da ƙungiyar ta shirya. Aka kira ni Kano, na sa babbar riga, aka miƙo mini wani allon katako mai rubutun ruwan zinariya ana tafi. Nasiru ya sa hoton a gilashi ya kafa wa Inna a bangon madafin.

To, kun san mutanenmu. Kafin rani ya raba, duk gidan da ke da ɗa a birni yana son irin kicin ɗin Inna Talatu. Maƙwabtanta su suka fara, waɗanda ta saba ɗibar wa 'yar Goggo suna shukawa. Na yi aiki har hannuna ya tsattsage. Kowane gida na kafa ƙugiya a saman murhu, kowane gida suka rataye irinsu, na dawa da na wake da busasshiyar kuɓewa.

Ruwan shuka ya sauka wata ranar Laraba da asuba, mai yawa. Da gari ya waye na hau mashin na nufi ƙauyen, don inda bututu ya huda kwano yakan yi yoyo a ruwan farko, ina so in bi gida-gida in duba. Ƙasa tana ƙamshi, maza sun fito da sungumi. Na yi sallama gidan Inna Talatu na tarar ta shimfiɗa tabarma a tsakar gida, ta sauko da ɗaurin irinta. Muka gaisa, tana ta tsokanata wai mai kyauta ya tuna da talakawa. Ta ɗauki zangarniya guda ta buga a faifai.

Garin dawa ne ya tashi kamar ƙura.

Ta sake bugawa. Wani gari ya sake tashi, ƙananan ƙwari suka watsu a kan faifan suna gudu. Ta ɗebi ƙwayar ta murza a tafin hannu, ta narke kamar toka. Na durƙusa na ɗauki wata na duba. Daga waje jawur, lafiya lau, amma kowace ƙwaya da 'yar hudarta, cikin fanko. Ta warware ɗaurin duka tana bugawa ɗaya bayan ɗaya. Ni kuwa na rasa ma abin da nake gani.

Sai muka ji salati daga gidan da ke bayan katanga. Kafin ya lafa wani salatin ya tashi daga can gaba. Wata mata ta shigo da gudu ba ko mayafi, da kwano a hannu, tana cewa, "Inna, duba mini waken nan, Inna, me ya same mu?" Ta ga faifan, ta tsaya cak.

Na ɗaga kai na hango bututuna a saman rufi, hayaƙin kunun safe yana fita ta cikinsa yana tafiya sama abinsa. A nan ƙarar azarar Malam Ɗanjuma ta dawo mini a kunne. Wallahi sai na zauna a jiƙaƙƙiyar ƙasa da rigata. Ni da nake tara baƙar azara saboda ƙwaro ba ya cin abin da ya sha hayaƙi! Kuma ba ni kaɗai ba. Duk ƙauyen manoma ne, in da ka tare wani a hanya ka ce don me ake rataye iri a saman murhu, zai gaya maka. Amma ba wanda ya tambaya. Wuta tana nan, ɗumi yana nan, iri yana inda aka saba ganinsa. Muka yi ta yaba tsabtarsa rani guda cur, alhali tsabtar nan ita ce alamar ana cinye shi.

Sauran gidaje sun sha wuya, amma abin da suka rasa akwai shi a kasuwa. Suka bazama Ɗanbatta neman iri, wasu suka sayar da akuya, aka yi shuka a makare. 'Yar Goggo ce babu inda za a nemo ta. Aka bi duk gidajen da Inna ta taɓa ba su, ko'ina irin ya zama gari. Nasiru ya iso da azahar, ya tsaya a kan tabarmar ya kasa haɗa ido da uwarsa.

Can Inna ta ɗago ta dube ni. Ta ce, "Usaini, ina azarata?"

Na ce wace azara, Inna?

"Ta tsohon madafina. Uwata ta koya mini, kowace shekara in na rataye iri, in ɗaure zangarniya ɗaya a jikin azara can ƙurya, in manta da ita. Na manta da ita kuwa. Ina ka kai?"

Ga shi mafi yawan azarar nan na riga na rufa wa wani zaure da ita. Ban tsaya bayani ba, na tashi mashin. A rumfar bayan gidana saura 'yan kaɗan a jingine, na dinga juya su ɗaya-ɗaya. A jikin wata na ga wasu dunƙule-dunƙule baƙaƙe, waɗanda tun ranar rushewa na gan su na ɗauka gidan zanzaro ne. Na sa farce na kankare. Tsumma ne a ƙasa, a cikin tsumman zangarniya. Ban kwance ba. Na ɗaure azarar sukutum a bayan mashin na koma da ita, mutane suna kaucewa a hanya.

Inna ta kwance da hannunta. Ƙwayar baƙa ce kamar gawayi, ta sa ɗaya a baki ta ciza, muka ji ƙas. Sai a lokacin ta yi kuka.

Ba duka suka tsiro ba, wasu sun tsufa da yawa. Abin da ya fito bai fi a ƙirga da ido ba, ta kewaye shi da ƙaya, ta hana kowa kusantarsa, ko tsuntsu ya sauka sai ya ji muryarta. Ni kuwa wannan ita ce baƙar shekarata. Ba wanda ya sake kirana gyaran madafi. In na shiga kasuwa ana nuna ni da baki, wasu gidajen suka fasa murhun da na gina suka mayar da duwatsu uku. Na koma toshe katangar da ruwa ya ci da gyaran bakin rijiya. Allon kyautar nan na juya fuskarsa bango.

Bayan kaka na ji labarin Inna ta girbe 'yar dawarta, ba ta ci ko ƙwaya ba, duka ta bar wa iri. Na ce bari in je in yi mata barka. Tun daga zaure na ji tari, irin mai fitowa daga can ƙasan ƙirji. Na leƙa tsakar gida, hayaƙi yana tuttuɗowa ta ƙofar madafi da tagogi, bututu kuwa ko ɗigo. Na kutsa ciki. Farin tayil ɗina ya koma baƙi, hoton gasar ba a ganin komai a cikin gilashin. Ta cusa tsummoki ta toshe bututun, ta ɗaga tukunya daga baki ɗaya don hayaƙin ya fito sosai, ta zauna a ƙarƙashin irinta tana tura ɗanyen kara, idanunta jawur suna zuba.

Na ce, "Innalillahi! Inna, kashe kanki za ki yi?"

Na kamo ta na fito da ita, nauyinta kamar na yarinya. Da tarin ya sake ta, ta ce, "Kada ka gaya wa Nasiru. Rani ɗaya ne kawai."

Na ce, "Likita ya ce ƙirjinki ba zai ɗauka ba."

Ta ce, "Na ji likita. Kakata ta riƙe, uwata ta riƙe. A hannuna za ta ƙare? Kai ka kori hayaƙin, ka kyauta, na ji daɗin numfashi. To aikin da yake yi mini fa, wa ka bar wa?"

Na koma cikin madafin. Na zare tsummokin, na roƙe ta don Allah ta ba ni kwana kaɗan, na ce in ban zo da dabara ba ni da kaina zan dawo in toshe mata. Na koma gida na rasa sukuni, ina zane a ƙasa ina sharewa. Abin da na ƙare da shi ba wani abin a zo a gani ba ne. Na fasa bututun daga inda ya hau rufi, na karkatar da shi ya huda bango ya fita baya. A can waje na gina ɗan akurki na bulo, tsayinsa daidai kafaɗar Inna, da ƙofar kwano da sandunan rataya a ciki. Hayaƙi ya fito daga murhu, ya ratsa akurkin, ya fice ta sama. Sau da yawa ina rushewa ina sakewa, don in ya matsu da murhu zafi zai gasa irin, in ya yi nisa hayaƙin ya ƙi ja ya dawo ɗaki. Mummuna ne, kamar an manna wa gidan ƙari. Ba mai ɗaukar hotonsa, kuma har yau duk madafin da na gyara sai na yi masa shi.

Saboda haka ku da kuke son sana'ar nan, in kun shiga tsohon madafi ku ajiye guduma tukuna. Ku ɗaga kai ku ga abin da ke rataye, ku duba lungu, ku tambayi matar gida wannan na mene ne, wancan don me yake nan. Wani abin ita ma ta manta dalilinsa, sai kun zauna kun tuno tare. Mutumin cikin wayar can bai nuna muku wannan ba, don a nasa madafin ba a ajiye abin shukar baɗi.

Inna Talatu ba ta yarda da akurkin nan da wuri ba. Jikarta ta gaya mini kullum da safe sai ta buɗe ta zura hannu ta shinshina. Na sake wanke mata tayil, ta ce in bar wahalar da kaina. Ana gab da damina ta aiko a kira ni. Na same ta tsaye a bayan madafi, numfashinta lafiya, ta buɗe ƙofar kwanon ta ciro zangarniya guda, baƙa ƙirin, mummuna, tana warin hayaƙi. Ta ɓanɓaro ƙwaya ɗaya ta miƙo mini. Na ciza, ta ce ƙas.

Ta karɓe zangarniyarta ta mayar ta rufe. Ta ce, "To, Usaini. Yanzu ka gama aikin."